Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar ƙanena

Alhamdulillahi, jiya Laraba aka sallamo ƙanena daga Asibitin Malam Aminu Kano bayan kwana 38 a kwance. Yanzu haka yana ɗakin Hajiya yana shan kunun gyaɗa da hannunsa.

Da yawanku kun san yana fama da sankarar jini. Abin da ya kusa raba mu da shi a wannan karon kuwa daban ne. Bayan zagaye na biyu na kemo, wato maganin sankarar, fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa sosai, sai zazzaɓi ya rufe shi. Kwana 5 ana ɗura masa maganin bakteriya, jiki kamar garwashi, ga tari, ga ciwon ƙirji. Likitarsa ta sa aka yi masa hoton CT, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, fumfuna ce ta kama masa huhu." Na yi sororo, don ni a jikin burodi da kwantan tuwo na san fumfuna. Ta ce sunanta Aspergillus, tana cikin ƙura da ruɓaɓɓen ganye da hatsin da ya sha danshi. Kullum muna shaƙarta garkuwar jikinmu tana kashe ta, shi kuwa kemo ya rushe masa tasa.

Likita, Allah Ya saka miki da Aljanna, da ke da abokan aikinki. Haka ma nas ɗin da ke aikin dare: ranar da aka fara masa voriconazole, wato maganin fumfunar, ya firgita yana cewa ɗakin ya koma rawaya, ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Kwantar da hankalinka ƙanena, maganin ne, zai wuce." Ya kuwa wuce.

Samarin unguwarmu na Ƙofar Na'isa da suka cika Adaidaita Sahu biyu suka je ba da jini, da abokina da ya karaɗe kemis-kemis har ya samo maganin, da 'yan masallacinmu da suka haɗa mana kuɗinsa, ba mu da bakin gode muku. Allah Ya biya ku.

Masu zuwa dubiya, ku yi haƙuri da mu. Akwai sauran makonni yana shan magani. Mai mura ko tari ya yi masa addu'a daga gida, wanda zai shiga kuma akwai takunkumi da sabulu a bakin ƙofa. Tattabarunsa ma mun kai su gidan Kawu saboda ƙurarsu. Ranar Litinin za mu koma gwajin jini da na hanta, ku sa mu a addu'a.