Launin da ke Waya da Launin da ke Yadi

Sana'armu zayyana ce da buga zane a kan yadi da kwalayen kaya. Kamfanin ƙarami ne, mu ƙalilan ne a ciki, kuma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne sasanta launi. Abokin ciniki zai turo hoto ta waya ya ce wannan koren yake so, sak. To daga nan aikin yake farawa.

Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa: ja, kore da shuɗi, kowanne da matakai 256, waɗanda idan aka cakuɗa su sukan ba da launuka fiye da miliyan 16. Yadi da takarda kuwa ba su da hasken kansu. Tawada ce ko rini ke shanye wani ɓangare na hasken da ya sauka a kansu, su mayar wa ido da ragowar. Shi ya sa koren nan mai walƙiya da shuɗin da ke ƙyalli a waya ba sa fitowa haka a injin bugawa mai tawada huɗu. Ba laifin injin ba ne, iyakarsa ke nan. Nakan faɗa wa mutum wannan tun kafin mu yi ciniki, don kada ranar karɓar kaya rai ya ɓaci.

Saboda irin wannan saɓani ne kamfanin Pantone na Amurka ya fito da kundin launuka masu lamba a 1963, yadda mai zane da mai bugawa za su ambaci lamba ɗaya ko da teku ce tsakaninsu. Tun daga shekarar 2000 kuma yake sanar da launin shekara. A 2022 ya zaɓi Very Peri, shuɗi mai sirkin shanshanbale, a 2024 Peach Fuzz, a 2025 kuma Mocha Mousse, wani ruwan ƙasa mai taushi. Ina bin wannan yayi, domin masu saye suna tambaya, kuma masu sayar da yadi da zare sukan cika kasuwa da shi. Amma ba na gina zane a kansa. Nakan sa shi a gefe, a ɗan layi ko fure, inda za a iya sauya shi baɗi ba tare da an rushe komai ba.

Inda na fi samun abin koyi shi ne rinin da ake samu daga tsiro da ƙasa. Duba baba, tsiron da ake yin shuni da shi. Ruwan rininsa ba shuɗi ba ne a ciki. Yadi yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe a gaban idonka. Kowane tsomi yana ƙara masa duhu, don haka tukunya ɗaya kan ba ka dangin shuɗi tun daga na sararin samaniya har zuwa wanda ya kusa zama baƙi, kuma duk sun dace da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ja mai zurfi da Turawan Sifaniya suka riƙa jigila daga Meziko a ƙarni na 16 daga wani ɗan ƙwaro ake samunsa, wanda ke rayuwa a jikin tsiro mai ƙaya. Yawancin irin waɗannan rini ba sa kama zare sai da wani sinadari irin su alif, kuma idan aka sa ƙarfe a madadinsa launin yakan dushe ya yi duhu. Wannan ɗan dushewar ita ce sirrin: launukan ba sa faɗa da juna, ido yana hutawa a kansu.

A 1856 William Perkin, yaro ɗan shekara 18 a Landan, yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya samu rini mai launin shanshanbale daga kwaltar gawayin ƙasa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta, noman baba a Indiya ya durƙushe. Ba na ƙyamar rinin zamani, da shi nake cin abinci. Yana da araha, ba ya saurin koɗewa, kuma abin da ka buga yau shi za ka sake bugawa bayan wata shida. Rinin tsiro ba ya yin wannan alkawari, kuma duk wanda ya ce zai ba ka yadi ɗari iri ɗaya sak da shi, ka nemi ganin samfur.

Abin da muke yi shi ne mu haɗa biyun. Mukan ɗauki hoton tsohon yadi rinanne, ko ganye, ko ɓawon itace, mu tsamo launuka huɗu ko biyar a kwamfuta, sannan mu nemi lambar kowanne a kundi. Daga nan sai samfur, a kan ainihin yadin da za a yi aikin, domin auduga da yadin roba ba sa shan launi iri ɗaya. Mukan duba shi a hasken rana, mu sake dubawa a ƙarƙashin fitila, saboda launuka biyu na iya dacewa da rana su rabu da dare. Sai mu wanke shi mu ga ko yana zuba. Idan abokin ciniki ya gani da idonsa ya sa hannu a bayan samfurin, sannan muke kunna inji.