Awara da zafin ɗaukewar al'ada: abin da aikin jinya ya koya mana

Yawancin matan da ke zuwa asibiti a Bauchi da kukan zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare mai jiƙa zani, 'yan shekara 45 zuwa 55 ne, kuma an riga an ce musu su ci waken suya. Shawarar tana da tushe. Abin da ba a faɗa musu shi ne awo da lokaci.

Waken suya na ɗauke da sinadaran aisofilabon, waɗanda ke kwaikwayon isturojin, sinadarin jikin mace da jiki ke rage samarwa lokacin ɗaukewar al'ada, amma ƙarfinsu kaɗan ne. Binciken da aka tattara a 2012 ya nuna kimanin miligiram 54 a rana yana rage yawan tasowar zafin da kusan kashi 20 cikin ɗari. Sauƙi ne, ba warkewa ba. A kwano, wannan na nufin awara kamar giram 100 da kofi ɗaya na madarar waken suya, kullum. Man waken suya bai shiga lissafi, don sinadarin ba ya bin mai. Riɗi ma ana yawan ambatonsa, sai dai hujjarsa ba ta kai ta wake ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gaggawa. Hajiya ta ci sati biyu ta ce babu amfani, alhali sai an yi kamar wata uku ake gane tasirinsa. Wata kuma ta dage ba ta ga komai ba. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke hanjin wasu ne kawai ke juya sinadarin zuwa nau'in da ya fi ƙarfi, ba laifinta ba ne. Ga kuma awarar bakin titi, wadda ta sha mai ta sha yaji da magi: mai hawan jini ta fi dacewa da dafaffiya a cikin miya.

Mai shan levothyroxine, maganin ƙarancin aikin ƙullin maƙogwaro (thyroid), ta bar awa huɗu tsakanin maganin da waken, don yana hana shi shiga jiki sosai. Wadda ta yi sankarar mama ta guji ƙwayoyin aisofilabon na kemis sai likitanta ya yarda.

Jinin da ya dawo bayan shekara guda cur da ɗaukewar al'ada, ko gumin dare tare da tari da rama, ba aikin awara ba ne. A je a duba mahaifa, a yi gwajin tarin fuka.