Lauz ɗin da Na Sare Magaryar Baba Saboda Shi

Shekara shida ke nan da na dasa iccen lauz, wanda ake kira amandiye da Faransanci, a tsakar gidanmu a nan Tawa, har yau ban fasa ƙwara ɗaya daga jikinsa na kai baki ba. Yana nan tsaye, ya fi ni tsawo, ya ga bazara shida bai mutu ba. Wanda ya ce maka lauz na jure fari gaskiya ya faɗa maka. Ni dai da wannan gaskiyar na yi ɓarnar da har gobe nake jin zafinta.

Yayana ne ya zo mana da shi daga Aljeriya, inda yake bida. Rabin ƙaramin buhu, ɗanye, da ɓawonsa. Muna fasawa da dutse muna ci yana ba mu labari, ya ce a can bisa tuddai yake fitowa cikin tsakuwa irin ta Adar, ba mai ba shi ruwa sai abin da sama ta zubo. Na shiga bincike a waya, na tarar a yankin Safakis na Tunisiya ana noman shi da ruwan da bai wuce milimita 200 a shekara ba, sai dai a ba itatuwan tazara mai yawa. Mu kuwa a Tawa, in damana ta yi daidai, muna samun 350 zuwa 400. Na ce ashe mu ma muna da rara. Na karanta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na lauz ɗin duniya daga Kaliforniya ta Amurka yake fitowa, ƙasar rana da fari. Nan na tsaya da karatu. Lissafin ruwa kaɗai na yi, domin mu mutanen Adar in an ce icce, ruwa ne farkon abin da ke zo mana a rai, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe.

Goman farko da na binne ba wanda ya fito. Sai na ga an ce sai iri ya sha sanyi. Na fasa ɓawon a hankali, na jiƙa ƙwayoyin kwana ɗaya, na sa su cikin rairayi mai danshi a leda, na tura can ƙasan firigo kusan wata biyu. Huɗu suka tsage cikin sha biyu. Ku riƙe zancen firigon nan, za mu komo kansa. Gara ta ci ɗaya, akuya ta ci ɗaya, ɗaya ya bushe haka kawai, ɗaya ya rage.

Gidanmu ba fili gare shi ba. Wuri ɗaya ne rana ke samu tun safe har la'asar, nan kuwa magaryar Baba take. Ba shi ya shuka ta ba, tarar da ita ya yi lokacin da ya ja katanga, ya ce a bar ta. Da ƴaƴanta Inna ke yi mana akuri muna yara. Maƙwabta in an yi rasuwa nan suke aiko yaro a tsinko ganye na wankan gawa, kuma da ganyenta aka wanke Baba. Ni a lokacin ƙaya nake gani, da sharar da ba ta ƙarewa, da ƴaƴa ƙanana masu ƙwallo ya fi nama. Ranar da na kira mai gatari, Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya.

"Kai ɗan nan, mi iccen ga ya yi maka?"

Na ce, "Inna, wanda ya fi shi za ni sa miki. Mudu ɗaya na ƴaƴansa ya fi buhun magarya kuɗi."

Ta ce, "Shi baƙon naka ya san garin ga?" Ta koma ciki.

Da sarewa kaɗai na yi na tsaya, da yau wannan labari ba shi da ɗaci. Damana na sauka kututturen ya yi toho, rassa fiye da goma, kore shar. Na sassabe, ya sake. Na sassabe, ya sake. Na ji tsoron saiwarta za ta shanye wa lauz ɗina ruwa, sai na tona gefen kututturen, na tara kashin shanu busasshe na sa wuta, ta kwana uku tana cin shi a hankali. Daga nan bai ƙara fitowa ba. Ni da hannuna na yi, ba wanda ya sa ni.

Rainon lauz ɗin kansa ba zan tsawaita ba, duk wanda ya taɓa raya mangwaro ko lemu a garin nan ya san wahalar. Abu biyu dai na koya. Na ɗaya, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Na yi masa kwano kamar na lemu ina cikawa kullum, sai ƙaro ya fara tsattsafowa daga ƙasan kara, ganye ya yi rawaya. Da na tara ƙasa a gindin, na mayar da ramin ruwa nesa da kara kamar kamu biyu, na koma ba shi sosai sau ɗaya ko biyu a mako, ya farfaɗo. Na biyu, rana ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 41, tana ƙone bakin ganyen. Zana na kafa masa ta yamma shekara biyu na farko. Gara kuwa toka da garin ƴaƴan dogon yaro, da sa ido. A bazarar da famfo ke kwana da kwanaki ba ɗigo, bido-bido na riƙa saye wurin ƴan garuwa, iyali na tsimin na wanka, icce na sha.

A shekara ta uku na fara jiran fure. Hotunan da na gani na Maroko a watan Fabrairu, icce ba ganye ko ɗaya, fari fat da fure mai ɗan ja-ja, su nake jira. Nawa kuwa hunturu zai zo ya wuce bai zubar da ganye duka ba, rabi ya faɗi rabi ya maƙale. Zuwa Maris sai ka ga rassa dogaye tsirara, ɗan tuntun ganye a can ƙarshensu, idanun da ke tsakiya, inda ganye da fure ke fitowa, a rufe kamar an ɗinke. Na ce yunwa ce, na ƙara taki. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara bido. Shekara ta huɗu ya yi fure bakwai, na ƙirga su da yatsa, ba su fito tare ba, duka suka zube. Ta biyar ya yi kamar ashirin, suka bi sahu.

Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi na roƙa ya shigo ya duba mini. Ya zagaya iccen, ya kama reshe ya murza idon da babban yatsa.

"Mushe, iccenka ba ya ciwo. Barci ne bai samu ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Lauz dangin itatuwan ƙasashen sanyi ne. In sanyi ya shigo sai ya zubar da ganye ya kwanta, kuma idanunsa ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun tara awoyin sanyi, sanyin da ke ƙasa da digiri 7 ko kusa da haka, awa 200 zuwa 400 ko fiye, gwargwadon iri. Safakis da Kaliforniya suna da rani mai zafi, amma suna da wannan sanyin. Mu a Tawa, daren Janairu da muke rawar ɗari muna hura wuta a tsakar gida, yawanci digiri 14 ne ko 15. Mu ne ke jin sanyin, icce bai ji komai ba. Ya tambaye ni yadda na tsirar da shi, na ba shi labarin ledar rairayi. Ya ce, "To ai tun yana ƙwaya ya gaya maka abin da yake so." Wata biyu ina buɗe firigo ina duba shi, amsar tana hannuna, ban karanta ta ba.

Ya ƙara da cewa ko da sanyin ya samu, icce ɗaya tilo da wuya ya haihu. Yawancin irin lauz furensa ba ya karɓar garin furen jikinsa, sai da wani iri dabam a kusa da zuma mai kai da kawowa. Akwai waɗanda aka fitar masu haihuwa su kaɗai, irin Tuono na Italiya da Lauranne na Faransa, amma su ma sai da sanyi, kuma da aure ake samun su, wato a ɗora reshensu kan wani icce ya kama. Na ƙwaya irin nawa ba ka san abin da zai ba ka ba, wani ma mai ɗaci yake fitowa, mai ɗacin nan kuwa guba gare shi, ba a ba yara.

Duk wannan na haɗiye. Sai da zai fita idonsa ya faɗa kan baƙin wurin da ke gefe, inda har yanzu in ka tona gawayi kake samu. Ya ce mene ne nan? Na faɗa masa. Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Ka ƙone ta, ko ka sare ta?" Na ce na ƙone.

Ashe tohon nan da na yi ta yaƙi da shi, shi ne abin da masu sani ke nema. Magaryar da ake aurawa, wadda ake sayar da ƴaƴanta a Yamai da sunan pom di Sahel, irin Indiya ne, su Gola da Umran, da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa a ƙasar nan. Kan magaryarmu ta gida ake ɗora shi. In tsohuwa ce sai a sare ta, a jira toho, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a aura musu. Saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa ita ke ciyar da sabon reshe, ba bido ba garuwa, cikin shekara guda a fara cin ƴaƴa masu girman ƙwan zabo, wasu su fi. Abin da na yi wa Inna alkawari, wato icce mai jure fari mai ƴaƴan kuɗi, yana tsaye cikin gidanmu tun kafin a haife ni. Rabin aikin ma na riga na yi da gatari. Kuma ba sabon ilimi ba ne, tun shekarun 1980 manoman Maradi ke raya gonaki da tohon kututture, abin da ake kira sassaben zamani, na sha jin sa a rediyo. Ban taɓa kawo shi kan tsakar gidanmu ba.

Masu tambayata yanzu, abin da nake ce musu ke nan: duk iccen da aka kawo maka daga arewa, lauz ne, tuffa ce, ko wani danginsu, kafin ka tambayi ruwan da yake sha tambayi sanyin da yake bukata. In a Nijar mutum ya nace sai ya gwada, to ya dubi duwatsun Abzin, wajen Timiya da Bagzan mai tsawon mita 2,022, inda dare kan yi sanyin gaske, ba Tawa ko Yamai ba. A kula kuma da wani icce mai faɗin ganye, mai rassa hawa-hawa kamar lema, da masu saida dashe a Yamai ke kira badamiye, wasu su ce maka ai shi ne amandiye. Ana cin ƙwayarsa, inuwarsa na da daɗi, amma wani icce ne dabam, na bakin teku, kuma mashayin ruwa ne. Abin da na fi nanatawa dai shi ne wuta. In ka ƙosa da icce sare shi, ka ba kanka damana biyu kana kallon abin da zai yi. Kada ka sa masa wuta.

Lauz ɗin ban cire shi ba. Na rage masa ruwa zuwa sau ɗaya a kwana goma, yana nan yadda yake, inuwarsa ba ta isa tabarma ɗaya ba. Bara dattijon nan ya samo mini ƴar magarya mai aure, muka dasa ta a lungun bayan madafa inda rana ba ta kai ta wancan wuri ba. Sai na shekara biyu ko uku ina ba ta ruwa kafin saiwarta ta kama, abin da ta Baba ta gama tun ban zo duniya ba. A watan Disamba ta yi ƴaƴa goma sha, tsutsa ta shiga wasu, tsuntsaye suka taɓa wasu, na kai wa Inna uku masu kyau a faranti. Ta gutsura, ta tauna, ta ce da zaƙi, amma ruwa ya yi mata yawa, ba ta akuri ba ce.

An gargaɗe ni cewa duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren in cire shi da wuri, in ba haka ba zai rinjayi na sama. Ina cirewa, ban da guda ɗaya. Inna ce ta gan shi ta ce, "Wannan na gida ne, bar mini shi." Na ɗaure shi da tsumma ya karkata wajen katanga, ina rage masa kai duk wata.