Don makro bai yi ƙorafi ba, ba shi ne ya yi daidai ba

Wani yaro da muke aiki tare, makro ɗinsa na Excel (jerin umarni da ake rubutawa don Excel ya yi aiki da kansa) ya tsaya, layin da ke da kuskure ya yi rawaya. Ko karanta saƙon da ya fito bai yi ba, sai na ga yana rubuta On Error Resume Next a can sama, layin da ke ce wa makro ya ci gaba ko da kuskure ya faru. Gabana ya faɗi, don wannan layin ne ya taɓa kai ni ya baro.

Lokacin ni nake riƙe da lissafin alawus na ma'aikata. Ƙa'idar ita ce duk wanda yake mataki na 1 ko na 2, kuma ya cika kwanakin aikinsa, a ba shi. Sai na rubuta If mataki = 1 Or 2 Then. A ido lafiya lau yake, amma VBA, harshen da ake rubuta makro da shi, duk lambar da ba sifili ba gaskiya yake ɗaukarta, don haka wannan 2 da ke tsaye ita kaɗai ta buɗe wa kowa ƙofa. Da na gyara nan, na haɗa And da Or ba tare da baka biyu, wato ( ), ba, ban san And ake fara warwarewa ba. 'Yan mataki na 1 suka samu kuɗi ko sun cika kwanaki ko ba su cika ba.

To, ba wanda ya koya mini, ga shugabana yana tsaye a kaina yana jira. Kowa a matsayina zai yi gaggawa. Amma fa layin On Error da hannuna na sa shi, don kawai na gaji da ganin rawayan nan. Ashe idan kuskure ya faru a cikin sharaɗin If, makro ba tsallake shi yake yi ba, afkawa yake cikin Then kamar sharaɗin ya cika. Duk gurbin da ke ɗauke da #N/A, alamar Excel ta cewa ba a samu bayanin ba, an biya mai shi. Har yau ina jin nauyin mutanen da aka ce su dawo da kuɗin da suka riga suka kashe.

Ku yaran yanzu kun fi mu kayan aiki, amma haƙuri babu. Ku kwaso daga intanet, ku liƙa, ku danna, shi ke nan wai an gama!

Kada ku yi amfani da layin On Error Resume Next nan, ko kusa. To, akwai inda yake da amfani, a kan layi ɗaya tak, a rufe shi nan take da On Error GoTo 0, wanda ke dawo da tsayawa idan an yi kuskure, amma wanda bai iya bin makro da maɓallin F8 layi bayan layi ba bai kai nan ba. Ku sa baka biyu ko da kuna ganin ba a buƙata. Ku gwada sharaɗi da lambar da ke kan iyaka daidai, nan ne > da >= suke raba hanya. Kuma a kan kwafin fayil za ku yi gwajin, don Ctrl+Z ba ya dawo da abin da makro ya goge.