Auta ya dawo: godiyata ga mutanen Sakkwato

Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Auta ya shigo gida jiya bayan isha'i da ƙafafunsa. Ya rame, ya yi baƙi, amma lafiyarsa ƙalau. Yanzu haka yana kwance a ɗakin Inna bisa tabarma, tun da ya sallame asuba yake barci, kuma Inna ta hana kowa ɗaga labulen. Wayata cike take da kira da saƙonnin da ban amsa ba. Ku yi mini uzuri, jikina ya mutu, shi ya sa na ce bari in haɗa godiyar wuri ɗaya.

Ba sai na maimaita muku ba. Da ku aka faro tun azumi, da gwangwanin asusu a Islamiyyarmu, da ku aka bi gida-gida tattara fatun layya, har kuɗin suka shiga hannun ƙungiyar da ke kula da yaran Sudan a sansanin Adare, gabashin Chadi. Kun san Auta ya bi su aikin sa kai na wata biyu da yake ma'aikacin jinya ne, kuma kun san kwana taran nan da wayarsa ta daina shiga.

Dare na bakwai ne ba zan manta ba. Rediyo ta faɗi cewa kwalara ta ɓulla a wasu sansanonin gabashin Chadi, na yi wuf na rage murya, ashe Inna ta riga ta ji. Ba ta ce mini komai ba. Ni na kawo maganar tafiyar nan gidan, ni na lallashe ta har ta sa masa albarka, da ta buɗe baki ta ce ke kika jawo da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta dubi kwanon da ke hannuna ta ce, "Zuba mishi tuwo nai, ki ruhe." Haka muke yi kullum tun da wayar ta ɗauke, a zuba, a rufe, da safe a ba almajiri. Daren nan hannuna ya kasa riƙe mara. Na shiga kicin na toshe bakina da mayafi don kada ta ji, ita kuma tana ƙofar ɗaki da carbi har aka kira assalatu. Daga baya muka ji abin da ya faru: ruwan damina ne ya cika kwaruruwan da ke tsakanin Abeshe da Adare, hanya ta yanke, ba sabis a inda aka tura su, shi kuma zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi kwana huɗu.

Cikin duk waɗanda suka ba da nasu, akwai wadda ban san sunanta ba, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai. Ranar muna bakin kasuwar Kara da ɗan teburinmu, rana ta take, wani bawan Allah ya tsaya ya karanta kwalin da muka rubuta, ya ce yaran Sakkwato sun ƙoshi ne da za a kwashi kuɗi a kai wata ƙasa? Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Tamowa ba baƙuwa ba ce a garin nan, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara a asibiti lokacin damina ya sani. Ina tsaye na rasa amsa, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso daga inda take, ta kwance haɓar zaninta. Ɗari biyu-biyu ne da hamsin-hamsin, duk sun cukurkuɗe suna ƙamshin daddawa. Ta zube su bisa teburin ba ta ƙirga ba, ta ce, "Ɗiyan can ɗiyanmu na. Ni mutunniyar Wurno ta. Ƙanen kakana gabas ya yi da Attahiru, har yau ba mu ji ɗuriya tai ba."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mun karanta a makaranta cewa bayan yaƙin Giginya a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, jama'a suka bi shi, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da sauran mutane har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe a bakin kogin Nilu, jihar Sennar. Amma ban taɓa jin labarin daga bakin wadda aka yanke wa dangi ba sai ranar. Mutumin nan bai ce uffan ba, ya laluba aljihu ya ajiye nasa ya wuce. Iya mai daddawa, Allah ya haɗa ki da naki a Aljanna Firdausi.

Auta ya ce kuɗinku sun yi aiki, duk da canjin naira zuwa sefa ya ci wani abu a ciki. An sayi gidan sauro da sabulu, mafi yawa kuma ya tafi ga madarar tamowa, wannan ta cikin leda da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai. Aikinsa auna damtsen yara da ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin hatsari. Ya ce mafi yawansu daga Aljinaina iyayensu mata suka goyo su, garin da ke tsallaken iyaka ba nisa, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya isa Darfur. Akwai wata yarinya da tef ɗinta ya tashi daga ja ya koma kore a hannunsa, kakarta kuwa da Hausa ta yi masa godiya, irin Hausar da ya ce rabonsa da jin ta tun rasuwar kakarmu. Yana faɗa mana jiya muryarsa ta sarƙe, ya kasa ƙarasawa.

Wasu sun roƙe ni kada in ambace su. Ku gafarce ni, ba zan iya ba. Gwaggona ta Mabera, wadda ta sayar da tunkiyarta ta kawo kuɗin a ƙulle cikin leda, sannan ta tare gidanmu duk kwana taran nan tana kwana da Inna. Liman na masallacin layinmu, da ya sa aka yi ta alƙunutu ba tare da mun roƙa ba. Baba mai shayi na bakin titi, da ya ajiye gwangwaninmu kusa da tukunyarsa wata uku. Samarin kabu-kabu na Runjin Sambo da suka yi ta jigilar fatu ranar sallah da washegari cikin wari da ƙuda, ko kuɗin mai suka ƙi karɓa. Ɗalibaina 'yan aji uku da suka riƙa jefa kuɗin tararsu. Da matar maƙwabcinmu, wadda mijinta ke fatauci Injamena, ita ta sa ya yi ta bugun waya har aka samo direban da ya ga Auta da idonsa.

Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya sa ku tarar da shi a mizani ranar da dukiya da 'ya'ya ba su amfani. Allah ya raya muku zuri'a, kada ya nuna muku ranar da za ku goya ɗa ku bar gida da gudu. Allah ya kashe wutar Sudan, ya mayar da kowace uwa ɗakinta. Mu ma nan Allah ya kawo mana ƙarshen abin da ke korar mutanenmu daga ƙauyukan gabashin Sakkwato, ya ciyar da yaranmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Akwai 'yan'uwa na jini da na zaci su za mu fara gani a ƙofar gida, har yau ko a waya Inna ba ta ji muryarsu ba. Ta lura, don ta tambaye ni sau biyu. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, Allah ya bar zumunci.

Rasit da lissafin komai suna hannuna, ranar Asabar bayan la'asar zan kai su Islamiyya, duk mai son gani ya zo. Masu son gaida Auta don Allah ku bari sai jibi. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa Kara in nemi Iya mai daddawa, in faɗa mata an sami mai jin Hausa a can.