Littafi ɗaya aka ce in zaɓa

Talata.

Da asuba saƙon Yaya ya shigo. Asabar zai taso daga Ingila, jaka ta cika da maganin Hajiya da tsarabar yara, amma akwai wurin littafi ɗaya. In turo suna kafin gobe da yamma. Na ji daɗi har Uwargida ta tambayi abin da ya samu. Na ce mata littafin Go, yaren rubuta manhajar kwamfuta da nake koyo, zan samu na takarda, wanda zan buɗe ko da wuta ko babu.

Karin kumallo a tsaye. Cunkoso a Kabuga kamar kullum.

Wajen sha ɗaya na safe a wurin aiki, abokin aikina Auta ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Jiya na ba shi ɗan aikin da na kwana uku ina rubutawa da Go, wanda zai riƙa karɓar sanarwar biyan kuɗi, na ce ya duba mini tunda ya riga ni shiga yaren. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, "Malam, komai yana aiki. Sai dai ka yi haƙuri, wannan Java ce ta saka rigar Go."

Na ce ya nuna mini. Ya nuna kuwa. Fayil goma sha huɗu na yi, kowane abu na kafa masa intafes, wato jerin ayyukan da dole ya iya yi, tun kafin a buƙace shi, na gina masa wani abin da zai ƙera shi, kamar yadda hannuna ya saba shekara goma sha ɗaya a yaren Java. Inda kuskure zai iya aukuwa na yi ta jefa panic ina tarowa da recover, wato na ƙirƙiro wa kaina try da catch, hanyar Java ta kama kuskure, a yaren da masu shi suka ƙi saka su da gangan. Ya buɗe mini io.Reader, wani intafes da ke zuwa tare da Go, ya ce in duba, aiki ɗaya tak ke cikinsa, Read, kuma duk abin da ya iya wannan aikin ya shiga sahu ba sai ya sanar ba. Ya ce a Go mai buƙatar intafes shi ke bayyana shi, ƙarami, a wurin da zai yi amfani da shi. Kuskure kuma a hannu ake miƙo maka shi, ka duba if err != nil, ka yanke abin da za ka yi a nan take.

Duk wannan bai dame ni ba, ilimi ne, na gode masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na ba shi labarin littafin da Yaya zai kawo, sai ya yi mamaki na gaske. "Haba Malam, kai ma sai da littafi? Yaren da keɓaɓɓun kalmominsa 25 ne kacal? Ai a intanet na koya."

Tun lokacin maganar take juya mini. Gaskiya ya faɗa, 25 ne, kuma a yammaci ɗaya na haddace su. Amma shi da kansa ya gama nuna mini cewa haddar ba ta amfane ni ba. Shi ya shigo Go hannunsa sakayau, abin da ya gani ya ɗauka. Ni kuwa da kaya na shigo. Ka san mutumin da ya shekara ashirin a Kano yana ciniki, babu kalmar Hausa da bai sani ba, amma da ya buɗe baki ka san da wani harshe yake tunani a ciki. Ni ne wannan a yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa ya bushe a siffar Java, kuma gajerun amsoshin intanet ba sa tanƙwara busasshe. Suna gaya maka yadda ake rubuta abu, ba sa zama da kai su gaya maka dalilin da ya sa aka ƙi ɗaya hanyar.

Ban ci abincin rana sosai ba.

Bayan la'asar na zauna ina tace littattafan. Masu kauri da ke ɓata babi uku suna bayanin mene ne madauki, wato umarnin maimaita aiki, da yadda ake ajiye lamba a suna, na ture su gefe. Ba laifinsu ba ne, ba ni aka rubuta wa ba, kuma na san kaina: in na fara tsallake shafi, zan tsallake har wurin da ya kamata in tsaya. Biyu suka rage.

Na farko shi ne The Go Programming Language na Alan Donovan da Brian Kernighan, 2015. Kernighan ɗin nan shi ne suka rubuta littafin C tare da Dennis Ritchie a 1978, ɗan siriri wanda bai kai shafi 300 ba. Hotonsa na yi a makaranta, na ɗinke da zare, kuma a cikinsa na fara gane cewa ana iya rubuta kod mai tsabta kamar magana. Zuciyata tana wurinsa tun kafin in duba. Matsalar ita ce ya tsufa. An rubuta shi zamanin GOPATH, tsohuwar hanyar tsara fayilolin aiki, kafin tsarin modul da ya gaje shi ya shigo a 2018. Babu jenerik a ciki, wato rubuta kod ɗaya da zai yi aiki da bayanai iri-iri, don sai a Go 1.18, Maris 2022, aka kawo su. Har akwai sashe da ke gargaɗi kan tarkon nan na madauki, inda duk ayyukan da ka ƙirƙira a ciki suke kama ƙima ɗaya ta ƙarshe, alhali an toshe tarkon a Go 1.22, Fabrairun 2024.

Na biyu Learning Go na Jon Bodner, bugu na biyu, 2024. Wanda ya riga ya iya wani yare aka nufa da shi, kuma sababbin abubuwan nan suna ciki. In hankali kaɗai za a bi, shi ne.

Aka ɗauke wuta bayan isha'i. Yara sun yi barci, Uwargida tana waya da Hajiya a tsakar gida. Babin farko na Donovan da Kernighan kyauta ne a shafinsu, na sauke, na zauna da sauran cajin kwamfuta. Babu gaisuwa mai tsawo. Kafin babin ya ƙare an kai ka ga manhajar da ke ɗauko shafukan intanet da yawa lokaci ɗaya, kowanne da gorutin ɗinsa, wato ɗan aiki mai tafiya da kansa a gefe, sakamako yana dawowa ta magudana guda, sannan ƙaramar manhajar saba mai amsa buƙatun intanet. Na buga misalin da hannuna, layi-layi, ban kwafa ba. Manhajar da nake rubuta kod a ciki ta ja layi a kan ioutil, wani tsohon ƙunshin kod na Go, don an daina ba da shawarar amfani da shi tun 2021, amma da na kunna, ya tashi lafiya lau. Alkawarin da suka ɗauka tun Go 1 a 2012 ke nan, cewa tsohon kod ba zai karye ba.

Na tsaya ina kallonsa. Bai kai layi hamsin ba. Da ni na rubuta shi makon jiya, da na yi fayil biyar. Abin ya sosa mini rai, don ban taɓa ganin nauyin da nake ɗora wa aiki ba sai da na ga wani ya yi shi ba tare da nauyin ba. Sai nake tambayar kaina ko Javar da nake rubutawa duk shekarun nan ma tana buƙatar rabin abin da nake jibga mata.

Jenerik da modul zan iya karanta su a takardun Go na intanet, kuma Auta yana kujerar kusa. Abin da nake so a takarda shi ne in zauna watanni ina kallon hannun wanda ya iya, ina yin atisayen ƙarshen kowane sashe.

Sha ɗaya da rabi na tura wa Yaya sunan na 2015. Ya amsa da "To, Allah ya kai mu." Na ce amin.

Gobe zan roƙi Auta mu zauna tare mu rage fayilolin nan sha huɗu. Caji ya kai kashi shida. Sauro ya yi yawa yau.