Ɗari biyu a aljihun gaba

Laraba, azumi na sha ɗaya.

Tun da aka idar da asham nake son kwanciya, amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Gara in rubuta.

Yau ne rabon kayan azumin da muka shafe wata guda muna shiryawa. Ni na buga sunayen a kwamfuta, ni na ware su unguwa-unguwa, wasu ma na haddace su. Auta ya turo ni har bakin titi saboda yashin lungunmu, daga nan na murza kekena da kaina. Raina fes, har da gaisawa da masu shago.

A bakin ƙofa wani saurayi ya tare ni, sanye da rigar 'yan sa kai. Tawa tana cikin jaka, zafi ya hana ni sawa.

"Malam, layin masu karɓa ta baya yake, kuma sai ƙarfe tara."

Na ce masa aiki na zo yi. Ya yi mini murmushin da ake yi wa yaro. "To, Allah ya ba da lada. Amma dai ka zagaya ta bayan."

Sai da Hajiya ta hango mu ta ɗaga murya, "Kai, ba shi hanya, ai littafin yana hannunsa!" Kunya ta kama shi, ya hau ba ni haƙuri har sau uku. Na ce ba komai, kuma a lokacin da gaske nake.

Matakala huɗu ce a ƙofar zauren. Samari huɗu suka ɗaga ni da keken gaba ɗaya, suna "a hankali, a hankali", kamar buhunan da suka gama shigarwa. Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi mana hanya. Wa'adin ya cika a 2024. Matakalar ba ta ji labari ba.

Aiki ya tafi daidai. Suna biyu sun maimaitu, na gano. Gero ya kusa ƙarewa.

Wajen la'asar wata tsohuwa ta iso gabana. Na nemo sunanta, na sa alama, na miƙa mata kati. Ta tsaya tana kallon ƙafafuna. Sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro ɗari biyu duk ta lanƙwashe, ta cusa mini a tafin hannu ta dunƙule yatsuna a kai.

"Ungo ɗan nan, ka sha ruwa da shi. Allah ya ba ka lafiya."

"Iya, ai ni ma'aikaci ne a nan."

"Na sani. Karɓi dai."

Matar da ta zo karɓar kwano biyu na gero! Ta duba zauren nan kaf, ni ta ga ya fi ta buƙata. Saurayin safe na yafe masa nan take, ita kuwa ban san inda zan ajiye nata ba, don babu raini ko ƙwayar zarra a idonta. Shi ya sa ya fi ciwo.

Na tuna lokacin da mu da shan inna ta taɓa muke bin masu rigakafi gida-gida, muna nuna ƙafafunmu ga iyayen da suka ƙi fito da yara. A lokacin ƙafafun nan su ne aikin. Yau kuwa aikin yana hannuna da kaina, amma ido ƙasa yake fara sauka.

Inna ta ce mayar da kyautar tsohuwa rashin tarbiyya ne, in sayi dabino. Auta ya ce in ba shi.

Kuɗin yana aljihun gaba, ban taɓa shi ba. Gobe akwai rabon unguwa ta biyu. Tun daga gida zan sa rigar, komai zafi.